Talabijin ɗin Baba da maganar yankin ciniki na Maigatari

Satin da ya wuce talabijin ɗin Baba, irin mai ƙeyar nan, ta fara dishi-dishi. Rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai sai ka gan shi da inuwa, ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Kowa a gida ya ce ta mutu, a ba 'yan gwangwan. Baba ya ce atafau, sai na kai ta wurin wani dattijo mai gyara a Gumel.

Wallahi ko awa ɗaya bai yi ba. Ya buɗe ta, ya kaɗe ƙurar hunturu, ya ce, "Ɗana, kwalbar nan lafiyarta ƙalau." Ya bayyana min cewa a wuyan kwalbar akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki, na ja da kore da shuɗi, kuma dole ukun su sauka wuri guda. Zobban maganaɗisun da ke saita su ne suka goce, shi ya kawo inuwar. Dishi-dishin kuma wani ɗan maɓalli ne a jikin taransifomar ciki ya murɗa kaɗan, hoto ya dawo tangaran. Ya kuma gargaɗe ni kada wanda bai iya ba ya taɓa, don wutar cikinta takan kai bolt 25,000, kuma ko an kashe ta takan riƙe wuta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyo. Yaranmu fasa irin waɗannan talabijin suke yi da guduma don su cire jan ƙarfe, alhali gilashin na ɗauke da dalma mai cutarwa.

To ga tambayata. Tun zamanin Saminu Turaki muke jin labarin yankin ciniki maras haraji na Maigatari. An rufe boda a 2019, an buɗe a ƙarshen 2020, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Duk lokacin da aka rufe, mai jiran kaya su wuce sai ya zauna. Mai sana'a a hannunsa fa? Ko ranar Alhamis ce ko ba ranar kasuwa ba, zai ci abinci.

Ni ban ce mu koma talabijin mai ƙeya ba, zamaninta ya wuce. Amma wanda ya iya gano ciwonta zai iya koyon gyaran inbata da na'urorin sola. Me zai hana a ware rumfuna a yankin, a ɗauko dattawan nan su koyar da matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar tun suna da rai?

Jiya Baba ya kalli labarai da abarsa yana murmushi. Ku faɗa min, a garinku saura masu gyara nawa?