Kafin yaro ya ɗauki jaka zuwa ƙofar kamfani

Jama'a masu sauraronmu na karkara da ƴan uwa da ke ƙetare, duk lokacin da sakamakon BEPC da BAC ya fito, tambaya guda ce a gidajenmu: yaro ya gama lakkwal, ina zai nufa? Amsar da muka fi ji ita ce "kamfanin mai" ko "Arlit". To, mu tsaya mu duba.

Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da mai a 2024. Lokacin shimfiɗa shi an nemi leburori da direbobi da masu walda da yawa. Da aka gama, aikin ya koma hannun ƙwararru ƴan kaɗan masu kula da injuna. Wanda ya je yau da labarin shekara uku baya, kuɗin mota kawai zai ɓata.

Arlit kuma ta riga ta koya mana darasi. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe a Akokan, bayan fiye da shekara 40 tana haƙar uraniyom, saboda arzikin ramin ya ƙare. Ma'aikatanta kusan 600 sun samu kuɗin sallama. Ɗaruruwan da ke aiki a wurin ƙarƙashin ƴan kwangila kuwa, su ne suka fi kuka, don ba kamfanin ne ya ɗauke su ba. Rami ɗaya, ƙura ɗaya, amma takarda daban.

Nan ne maganar take. Kafin yaro ya ce ya samu aiki, ya tambaya: sunan wa ke kan kwantiragin, kamfanin ko ɗan kwangila? Na wata nawa ne? An rubuta shi a asusun CNSS? In babu lambar CNSS, ranar haɗari ko tsufa ba shi da madafa. Albashi mafi ƙanƙanta a doka jika 42 ne a wata tun 2024. Wanda aka yi wa tayin ƙasa da haka ya san da wa yake magana. Kuma mutum guda da ya taɓa aiki a wurin ya fi sanarwa goma ta WhatsApp.

Ku kuma ƴan uwa na Abijan, Kwatano da Libiya, ku ake bugo wa waya: wai a turo jika 50 "a sa sunan yaro". Kada ku tura. Ku ce ya je ofishin ANPE na jiharsa ya yi rajista, ya tambaya ko sun san da wannan ɗaukar ma'aikata. In kuɗin na hannu, gara a biya masa koyon walda ko lantarki, sana'ar da ake nema a kamfanin siminti na Malbaza, ake kuma nema a garejin bakin kasuwar Maraɗi.