Hasken Talabijin Ma Yana Da Mizani

Duk wanda ya ratsa Kura ko Bunkure bayan sallar isha'i, musamman a lokacin da shinkafa ta shiga kasuwa, zai ga wani sashe na albarkar ruwan Tiga, wanda aka kammala madatsarsa a 1974: manomin da ya wuni yana juya ruwa daga wannan kwami zuwa wancan, ga shi a kan tabarma cikin iyalinsa, gaban faffaɗar talabijin mai aiki da batirin sola, ana kallon Daɗin Kowa a Arewa24. Ni'ima ce, ba ni da ja. Abin da nake ja da shi shi ne halin da ake barin akwatin, domin galibi yadda ya fito daga kwali haka zai tsufa, babu mai taɓa saitinsa.

Alhali kuwa maƙeransa, da yake burinsu shi ne ya ƙwace idon mai saye a tsakanin takwarorinsa ƙarƙashin fitilun kanti, sukan cika masa haske har iyaka, su tsananta launi, su karkatar da fari zuwa shuɗi. Abin da ya dace da kantin Sabon Gari da rana tsaka kuwa, idan aka kai shi ɗaki mai duhu, sai ya zama azaba ga ido, fuskar ɗan wasa ta koma jawur, koren ganye ya yi ƙyallin da Allah bai halicce shi da shi ba. Abin mamaki, mutumin da ya san ruwa in ya wuce kima yakan ruɓar da saiwar tumatir, shi ne ba ya ganin israfi a cikin haske.

Akwai wata illar mafi ɓoyuwa. A al'ada ana ɗaukar fim da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma talabijin na zamani sukan ƙago wasu hotunan su cusa a tsakani, sai motsi ya yi sulɓin da mai shirin bai nufa ba. Har a Amurka abin ya dami ma'abota sana'ar: ɗan wasa Tom Cruise ya fito a 2018 yana roƙon jama'a su kashe wannan saiti, a 2019 kuma aka ɓullo da saitin talabijin mai suna Filmmaker Mode domin wannan manufa.

Maganin bai wuce rimot ba. A zaɓi yanayin silima, a rage hasken allo da kaifin hoto, a kashe sulɓin motsi, sannan a kunna 'yar fitila a bayan akwatin don kada ido ya riƙa kai-komo tsakanin duhu da haske. Da fari hoton zai yi kamar ya dusashe ya ɗauki rawaya-rawaya, har yara su ce an lalata; a yi haƙuri 'yan kwanaki, ido zai saba, batiri kuma zai ƙara jimawa kafin ya sauka.

A ganina nauyin yana wuyan samarin da ke ɗaura sola da tauraron ɗan'adam a ƙauyukan Kadawa da Garun Malam, waɗanda ya kamata su daidaita hoton, su nuna wa maigida inda aka taɓa, kafin su karɓi ladan aikinsu.