Kwamfuta ɗaya a gida, amma ta wa ce? 🧵

1/ Ƴan Daura ku matso. A gidajenmu da yawa akwai kwamfuta ɗaya da Baba ya saya "saboda karatun yara". Je ka duba yau, tana ɗakin Yaya babba, ya sa mata lambar sirri, shi kaɗai ya sani. Ya zama macijin Kusugu: ba mai ɗiban ruwa sai ranar Juma'a 😂

2/ Ni ba na ganin laifin gida mai kwamfuta ɗaya. Da tsadar yanzu ko ƴar gwanjo ce ba kowa ke iya saye ba. Abin da nake ƙi shi ne a saya da sunan gida, ta koma ta mutum ɗaya.

3/ Kuma kun san wa ake bari a ƙarshen layi: ƙanne mata. "Ke bari, za ki ɓata." Shi kenan, an rufe zance.

4/ To tun 2015 JAMB ta koma rubuta jarabawarta a kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180, awa biyu. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban allon kwamfuta ba sai ranar, ga agogo na gudu, ga hannu na rawa. Ta san amsar fa, neman inda za ta danna ne ke cinye mata lokaci. Alhali na'urar tana gidansu shekara da shekaru, ana kallon ƙwallo da fina-finan Indiya a kai.

5/ Ga Federal Polytechnic a Daura, ga Jami'ar Sufuri, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman. Makarantu sun zo har ƙofar gida. Yaro daga Mai'adua, Zango, Sandamu ko Baure ba sai ya yi nisa ba. Amma cike fom, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, duk ta intanet ne.

6/ Yaya zai ce "ai sirrina na ciki". Gaskiyarsa ce. WhatsApp ɗinsa a buɗe a kai, Chrome ya riƙe lambobin sirrin imel da na banki, ga project ɗin da ya kwana uku yana bugawa. Ƙani ɗaya ya goge, sai rigima har gaban Baba.

7/ Sai dai wannan ba hujjar hana kowa ba ce, don Windows ta daɗe da magance shi. Shiga Settings, sai Accounts, sai wajen Other users, ka buɗe wa kowa asusunsa da lambar sirrinsa. Kowa da fayilolinsa, ba mai ganin na wani. Minti biyar bai kai ba.

8/ A bar na yara a Standard. Mai irin wannan asusun ba zai iya cusa manhajar da za ta taɓa na'urar gaba ɗaya ba sai da izinin Administrator. Tashi za ka yi? Danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle.

9/ A lura: mai riƙe da Administrator yana iya leƙa na kowa idan ya ga dama. Don haka kar a ba wanda aka san shi da bin diddigin ƙannensa. Ni da Umma zan ba, ko ba ta iya kunna ta ba. Ta riƙe lambar kawai.

10/ Ragowar rigimar ta caji ce. KEDCO su kawo wuta, kowa ya taso lokaci guda. A tsara: mai jarabawa a gaba, mai aikin makaranta na biye, mai kallon fim ya jira. Kuma a fito da ita falo, ta bar ƙarƙashin filon Yaya.

11/ Masu ƙanwar da za ta zana JAMB bana, ku sauke mata manhajar gwaji, ku ba ta rabin awa kullum tun yanzu.