Guzurin Mai Zuwa Landan

Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo, Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Ingila cikin 1934, Sardauna Ahmadu, haifaffen Rabah, ya tafi karatu can cikin 1948. Amma wanda ya sayar da albasarsa ta bakin madatsa ya yi guzuri ba daidai yake da baƙon gwamnati ba. To, ga shawara.

Abu uku ke cinye kuɗin baƙo a Landan: masauki, da mota, da abinci. Kama masauki tun kana gida, a bayan gari, kusa da tashar jirgi. In ka sauka Heathrow bar tasi, shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly. Nemi katin Oyster, gama tun 2014 bas ba ta karɓar tsaba. Abinci irin namu yana unguwar Peckham. Kada ka ɗauki kilishi, dokarsu ta hana shiga da nama, ƙwacewa za a yi. Kallo kuwa a British Museum kyauta ne.

Tafiya mabuɗin ilmi, amma iya ruwa fid da kai. Allah ya kai lafiya, ya komo da kowa lafiya, amin.