Maigida da Kayan Aikinsa: Zaɓen Jak na Ɗaga Mota a Gida

 A wannan wata maganarmu a kan jak ce, watau ƙarfen nan da ake ɗaga mota da shi, gama magidanta da yawa a ƙasar Haɗejiya sukan canja taya ko su juye baƙin mai da kansu a ƙofar gida. Yin haka tattali ne mai kyau. Amma mota ta fi buhun shinkafa goma nauyi, kuma wanda ya kwanta a ƙarƙashinta ya jingina ransa ga abin da ke riƙe da ita.

Iyayenmu da suka tuƙa Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975, ba su sha wahalar wannan zaɓe ba, domin motar tana da tsawo daga ƙasa. Motocin yanzu kuwa sun kwanta. Motar tsere irin wadda samari ke sha'awa, tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 13 ba, wata ma ba ta kai haka ba. Golf da Civic da Corolla ba su ɗara ta da yawa ba. In taya ta sace, motar takan ƙara sauka. Saboda haka, kafin ka tafi kasuwa, ka ɗauki awo ka gwada daga ƙasa zuwa wurin da ake sa jak, ka rubuta.

Jak iri uku ne muka fi gani. Na fari shi ne mai almakashi, wanda yakan zo tare da mota. An yi shi domin canja taya a bakin hanya kaɗai. Na biyu shi ne mai kwalba. Yana da ƙarfi da araha, amma ko a zaune yakan kai santimita 18 ko fiye, don haka ba ya shiga ƙarƙashin ƙaramar mota. Wannan na a-kori-kura ne da bas. Na uku shi ne mai ƙafafun taya da dogon hannu, wanda yake kwance kamar kada. A cikinsu akwai na kullum, mai tsawon kai wajen santimita 13, akwai kuma mai ƙasa-ƙasa wanda kansa yake sauka zuwa santimita 8 ko 9. Wannan na ƙarshe shi ne ya dace da mota mai kwanciya. Ka duba kuma iyakar tashinsa. Wanda yake kai santimita 45 zai ba ka wurin aiki.

Sai maganar nauyi. Ana rubuta ƙarfin jak a jikinsa da tan. Jak ba ya ɗaukar dukan mota, gefe ɗaya yake ɗagawa, duk da haka ƙa'idar masu sana'a ita ce ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. Ƙaramar mota takan yi kilo 1,100 zuwa 1,500, sai mai tan 2 ya ishe ta. Hilux tana kusan kilo 2,000, ita kam a nema mata mai tan 3. Na ƙarfe yana da nauyin ɗauka amma ya fi jimrewa da araha. Na alminiyom ba shi da nauyi, sai dai tsada.

Ko a Haɗejiya ka saya, ko ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka biya sai ka gwada. Ka ɗaga mota da shi, ka bar ta minti biyar, ka ga ko tana sauka da kanta. Ka duba ko mai yana tsatsafowa, ko akwai tsaga a wurin walda. Ka murɗa hannun ka ga yana sauke mota a hankali, ba da faɗuwa ba. Na gwanjo mai lafiya ya fi sabo marar suna mai ƙyallin fenti.

Ga babbar magana. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Mai ne a cikinsa yake tura sandar ƙarfe, kuma 'yar roba ce kawai take tsare man. Ranar da robar ta gaji, ba ta yin sallama. Domin haka wanda zai sayi jak ya sayi dogarai biyu na ƙarfe tare da shi, waɗanda ake kafawa a ƙarƙashin shasi a sauke motar a kansu. In kuɗi bai kai duka ba, a haƙura da shiga ƙarƙashin mota har sai ya kai. Bulon siminti ba dogari ba ne, gama yakan fashe farat ɗaya. Tubalin laka kuwa ba a ma maganarsa.

Ƙasarmu ma tana da nata hali. A tudu rairayi ne, irin wanda jiharmu ta Jigawa ta samo sunanta daga gare shi. A fadama kuma, wajen Auyo da Guri da Kirikasamma, laka ce wadda takan bushe a sama alhali ƙarƙashinta da danshi. Jak mai taya tilas ya riƙa matsawa gaba kaɗan kaɗan sa'ad da hannunsa yake tashi. In tayoyinsa suka nutse, sai ya jawo motar maimakon ya bi ta, har kansa ya zame. A nemi daɓen siminti mai shimfiɗa. In babu, a sa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak da dogaran duka. Waɗanda ruwa ya shiga gidajensu, kamar yadda ya faru a ambaliyar 2022, su sani jak da ya kwana cikin ruwa sai an canja masa mai an gwada shi. Man jak ake zubawa, ba man birki ba, domin man birki yana lalata robar. Da hunturu a share ƙura daga sandar, a sauke shi ƙasa kafin a ajiye.

In za ka yi aiki, ka ja hanbirki, ka sa giya, ka tokare tayoyin da za su tsaya a ƙasa gaba da baya. Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Ka sa kan jak a wurin da aka yi wa alama a gindin bodi, ba a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai ba. In motar ta cika kwanciya, ka hau da tayarta kan katako tukuna. Bayan ka sauke ta a kan dogarai, ka girgiza ta da hannu ka gani. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin gefen motar. Ka gaya wa uwargida kana aiki, yara kuma su nisanta, kada kowa ya zauna a ciki.

A cikin Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da ɗan katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ashe dogara ga Allah ba ta hana mutum yin tanadi. Maigida amana ne ga matarsa da 'ya'yansa, kuma kuɗin dogarai biyu bai kai kuɗin ɗori ba, balle maraicin yara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.