Wasiƙa daga Vénissieux: zama da wanda ya ce babu Allah



'Yan uwa da abokan arziki na Maraɗi da Katsina da Kano, da duk inda wannan wasiƙa ta riske ku, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kowa yana lafiya. Ina gaida su Baffa da Gwaggo da Inna, ina gaida yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da kewar gida.

Tun da aka fara maganar turo yaranmu karatu, tambayoyin da ake yi mini a waya duk na abinci ne da masallaci. Ana samun naman halal? Akwai wurin salla? Duk akwai. In ka shiga kasuwar unguwar Minguettes ranar Alhamis ko Asabar sai ka rantse a Aljeriya kake. Tambayar da har yau ba wanda ya yi mini, kuma ita ta fi cancanta a yi, ita ce: yaya yaro zai yi ranar da abokin karatunsa, ko malamin da yake ganin girmansa, ya dube shi ya ce masa shi fa bai yarda akwai Allah ba? Wannan ranar kuwa ba ta wuce watan farko.

A gida mun saba da bambancin addini, amma ba irin wannan ba. Kiristan Sabon Gari yana da littafinsa da cocinsa. Maguzawan ƙauyukan Kano da Katsina, ko da suna yanka wa iskoki, in ka ce Allah ya ba mu damina mai albarka za su ce amin. Harshenmu kansa cike yake da sunan Allah, ba ka gaisuwa ko ciniki ko bankwana ba ka ambace shi ba. Nan kuwa, binciken da hukumar ƙididdiga ta Faransa, Insee, ta yi a 2019 zuwa 2020 ya nuna kashi 51 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 59 sun ce ba su da addini, kashi 29 'yan Katolika ne, kashi 10 Musulmi. Ba dukan marasa addinin ke musun akwai Allah ba. Wasu cewa suke ba su sani ba, wasu kuma abin bai dame su ba. Amma dai ka sa a ranka, likitan da zai duba ka da maƙwabcin da zai karɓar maka saƙo, mai yiwuwa cikinsu suke.

Ra'ayina bayan shekarun da na yi a garin nan shi ne, saɓanin aƙida ba shi ke ɓata hira ba. Abin da ke ɓata ta shi ne kowa ya ɗauki abokin hirarsa majinyaci, ya ɗauki kansa likita. Mu mukan dube shi da irin tausayin da ake yi wa makaho a bakin rijiya. Shi kuma yakan dube mu kamar yaran da ba su gama karatu ba, waɗanda in sun waye za su bar abin da kansu. To ba wanda ke son a ɗura masa magani bai ce yana ciwo ba. Da zarar ɗayanmu ya ji ƙanshin wannan rainin, magana ta ƙare, sauran duk musu ne.

Yana da kyau yaro ya san daga ina mutanen nan suka samo halinsu. Shekaru aru-aru coci da sarki bakinsu ɗaya a Faransa. A 1766 an fille kan wani saurayi mai suna La Barre a garin Abbeville bisa zargin ɓatanci ga addini, kuma cikin laifukan da aka lissafa masa har da ƙin cire hula lokacin da ayarin 'yan coci ke wucewa. Yau akwai mutum-mutuminsa a Paris, kusa da babbar cocin da ke kan tudun Montmartre. Daga juyin juya halin 1789 har zuwa dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba coci da hukuma, kokawa suka yi ta yi da limamansu. Wannan rabuwar ita suke kira layisite. Saboda haka idan Bafaranshe ya yi wa addini ba'a, a ransa gani yake yana tsokanar mai ƙarfi ne, kamar yadda kakansa ya yi. Abin da yakan manta, kuma ni nakan tuna masa cikin lumana, shi ne matar Minguettes da ke tashi ƙarfe biyar na asuba ta je sharar ofisoshi a Liyon ba ta taɓa naɗa sarki ba, ba ta taɓa sa an fille kan kowa ba. Sandar da aka yanko don bugun giwa, in aka sauke ta kan akuya, zalunci ne.

Vénissieux kanta makaranta ce a wannan fanni. Garin ma'aikata ne a kudu da Liyon, ya girma a gindin masana'antu irin su kamfanin manyan motoci na Berliet. Jam'iyyar Kwaminis ta yi shekaru da dama tana fitar da magajin gari, irin su Marcel Houël daga 1962 zuwa 1985, da André Gerin daga 1985 zuwa 2009. Dogayen benayen Minguettes kuma suka cika da iyalai daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya, daga baya Turkawa da mu baƙar fata. Wato tsohon ɗan gurguzu da bai taɓa yin addu'a ba da alhajin da ba ya rasa sahun farko, lif ɗaya suke hawa.

Sau ɗaya wannan zaman ya haifar da abin da duk ƙasar ta shaida. A watan Yuni 1983 wani ɗan sanda ya harbi Toumi Djaïdja, saurayi ɗan unguwar, ya ji masa mummunan rauni. Maimakon ramuwa, shi da abokansa suka haɗa kai da wani fada na Katolika, Christian Delorme, da wani fasto, Jean Costil, da 'yan gwagwarmaya da yawansu ba ruwansu da addini, suka shirya tattaki don neman daidaito da yaƙi da wariyar launin fata. Mutane ƙalilan suka taso daga Marsey ran 15 ga Oktoba, suka iso Paris ran 3 ga Disamba, inda kusan mutum 100,000 suka tarye su. Shugaba Mitterrand ya karɓe su, kuma daga nan ne aka samu katin zama na shekara goma wanda baƙi da yawa suka ci moriyarsa. Sati bakwai suna tafiya tare suna cin abinci tare. Da a daren farko sun ce sai an warware maganar wuta da aljanna kafin a ɗaga ƙafa, da har yau suna Marsey.

Garin ya kuma ga ɗaya gefen. A 2004 wani limami na nan, Abdelkader Bouziane, ya yi hira da wata mujallar Liyon ya kare dukan mata, aka kore shi zuwa Aljeriya. Baki shi ke yanka wuya, amma wuyan da ya yanka ba nasa kaɗai ba ne, don Musulmin garin sun daɗe suna amsa tambaya a wurin aiki kan maganar da ba su suka faɗa ba. A 2009 kuma Gerin ya jagoranci kwamitin majalisa kan niƙabi, abin da ya kai ga dokar 2010 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Ko mene ne ra'ayin mutum kan dokar, yadda aka yi ta cacar baki a talabijin ya sa mata da yawa da ko niƙabin ba su sawa suka ji ana magana a kansu, ba a magana da su.

To ga abin da na ga yana aiki. Na farko, ka yi magana a kan kanka, ka bar masa nasa. Duk azumi sai an tambaye ni, “Ko ruwa ba ka sha?” In na ce masa ga abin da nake ji lokacin buɗa baki, ga yadda yunwar ke tuna mini da mutanen ƙauyenmu a watan bazara, sai ya gyara zama ya saurara. In na ce masa shi ma ya kamata ya tuba, sai ya ɗauki farantinsa. Na biyu, ka bambanta tambaya da tarko. Mai tambaya yakan jira amsa. Mai tarko tun ba ka rufe baki ba ya jefo ta biyu, kuma yana satar kallon mutanen teburi. Na farkon ka ba shi lokacinka, na biyun ka yi murmushi ka ce kofi ya huce. Na uku, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Yaran nan sun karanta falsafa a ajin ƙarshe na sakandare, sun iya musu, kuma suna gane mai kame-kame. Na huɗu, kalmomin arne da kafiri a bar su a filin jirgi. Ko da Hausa ka faɗa, fuskarka za ta fassara.

Kada kuma a ɓoye addini don a faranta musu. Mai ɓoye sallarsa kamar ya yi sata, shi suka fi rainawa. Ka ce ba ka shan giya, ka ɗaga kofin lemonka a yi murna tare, shi ke nan.

Wuri mafi wuya shi ne ta'aziyya. Akwai wani dattijo a benenmu, tsohon ma'aikacin Berliet, da matarsa ta rasu. Jana'izarsu ba limami ba addu'a, abokai ne suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin halinta. Duk kalmomin da na gada na irin wannan rana, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya ba da haƙuri, ba wadda za ta shiga kunnensa yadda nake nufi. Sai na ce masa ita ce ta fara gaishe mu a benen nan ranar da muka tare, kuma yaranmu ba za su manta ta ba. Uwargida ta kai masa shinkafa da miya kwana uku. Bayan sati ya tare ni a matakala ya ce, “Na san ka yi mini addu'a a zuciyarka. Ban yarda da ita ba, amma na gode.” Ni ban bar nawa ba, shi bai bar nasa ba, kuma ba wanda aka ci wa fuska.

Na san Baffa zai ce wannan lallaɓawa ce, ina aka bar wa'azi? Baffa, Allah ya ƙara girma, malamanmu sun karantar da mu cewa ko Annabi Musa da aka aika wurin Fir'auna, da tattausan lafazi aka umarce shi ya je. Maƙwabcina bai kai Fir'auna ba, ni kuma ban kai Musa ba. Shiriya ta Allah ce. Abin da ke hannuna shi ne kada in zama dalilin da zai sa mutum ya tsani addinin tun bai san shi ba. Cikin waɗanda na sani suka musulunta a garin nan, ban ji wanda ya ce kayar da shi aka yi a musu ba. Zama da mutane ne ya ja su.

In kuwa cin mutunci ne da gangan, kana da 'yancin ka ce wannan ya yi mini ciwo, ka tashi ka bar wurin. Iyakarsa ke nan. Mu tuna Janairun 2015. An kashe mutum 12 a harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris, jaridar ta sake buga zanen da ya ɓata ran Musulmi, sai ga wuta a Damagaram ran 16 ga wata, washegari a Yamai. Mutum goma suka mutu, aka ƙone coci-coci na maƙwabtan da ba su zana komai ba, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram da yaranmu ke zuwa karatu. Zanen bai goge ba. Mu da ke nan kuma muka wayi gari ana kallonmu a cikin metro.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne maganar ba a waje kaɗai take ba, tana iya shigowa ɗaki. Yaron da ya tashi a makarantun nan, wata rana zai zo da tambayar da za ta sa gaban uba ya faɗi. A Kano an yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 a 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Ban yarda da abin da ya rubuta ba, amma na san kurkuku ba ya amsa tambayar da ke ƙirjin yaro, sai dai ya koya masa yin shiru. Nan ma ba kotun da za ka kai ɗanka. In ya saba jin kana kiran maƙwabci arne kana tofar da yawu, ranar da shakka ta kama shi ba kai zai gaya wa ba. Zai ci gaba da bin ka masallaci har ya samu ɗakin kansa, daga nan sai gaisuwar salla. In kuwa ya ga kana zama da marar addini ka saurare shi ka ba shi amsa ba tare da jijiyar wuya ba, to ya san ƙofarka a buɗe take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan mu iyaye muke fara tsaga shi da bakinmu.

Saboda haka Yaya, kafin yaran su taso, bayan kilishi da yaji da rigunan sanyi, a zaunar da su a yi musu wannan maganar. A gaya musu za su haɗu da mutanen kirki da ba su yarda da Allah ba, kada abin ya firgita su, kada kuma ya ruɗe su.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mana imaninmu, ya kuma tsare mana harsunanmu. A gaida kowa da kowa. Mai ƙorafi ya rubuto, ina sauraro.

Wassalam,
Naku a kullum, daga Vénissieux.