Begen daji: daga Sligo zuwa Kurfai

A shekarar 1888, William Butler Yeats, matashin mawaƙi ɗan ƙasar Ailan, yana tafe bisa titin Landan sai ya ji ƙarar ruwa daga wani kanti. Nan take tafkin Gill na yankin Sligo, inda ya yi ƙuruciya, ya faɗo masa a rai. Wannan bege ne ya haifi waƙarsa "The Lake Isle of Innisfree", mai baiti 3, wadda aka buga a 1890. Burinsa bai wuce bukka, ɗan lambun wake, amyar zuma da kwanciyar hankali ba.

Kurfayawan da fatauci ko aikin gwamnati ya kai Yamai, Kumasi da Abijan sun san wannan ciwo. Da ruwan shuka ya sauka, zukatansu na gonakin hatsi na Dallol Bosso.

Sai dai akwai bambanci. Yeats bai taɓa zama tsibirin ba, amma ba wanda ya hana shi. A arewacin Filinge kuwa, inda aka kashe sojoji 89 a Shinagodar ran 9 ga Janairun 2020, tsoro ya raba manoma da makiyaya da yawa da garuruwansu. Dajin da ɗan birni ke bege, shi ɗan ƙauye ya gudo wa.

Allah ya maido mana da lafiyar daji, amin.